Langar Mainasara Mai Kashe Ƙugi

In ka taɓa sauka a tashar motar Kaura Namoda ka ji wani yana ba da labarin yadda ya tayar da rediyon da masu ƙera ta ma suka sallama, to ba sai an nuna maka Mainasara ba, ka riga ka ji shi. Gajeren mutum ne mai tabarau ɗaure da zare, ga sukudireba maƙale a bayan kunne kullum kamar da ita aka haife shi. Shi ya raɗa wa kansa Injiniya, in kuwa ka kira shi ba ka sa ba, sai ya yi kamar da wani kake. Gyara kam yana taɓawa, kada a yi masa ƙarya. Ka kai masa rediyo mai kama tasha uku, za ta dawo maka tana kama ɗaya, amma fa da ƙarfi.

Rumfarsa tana can bayan mahauta, inda hayaƙin babbakar kawuna ke yini a idonsa, da damina kuma kwanon rufin ya yi ta yoyo a kan rediyoyin mutane. Abin da ke hana shi sukuni a duniya ɗaya ne, wani shago a bakin ƙofar tasha, ginin siminti mai ƙofar ƙarfe, mallakar ƙungiyar direbobin da ke jigila tsakanin Kaura, Shinkafi da Zurmi. Shagon ya kwana biyu a kulle. Kullum da safe sai Mainasara ya bi ta gabansa, ya leƙa ta kafar makulli, ya ja tsaki, sannan ya wuce cikin hayaƙinsa.

Ana nan sai shugaban ƙungiyar, Alhaji Maiwada, ya tara mutane a gindin dalbejiyar tasha. Alhaji mutum ne mai tumbi da son jawabi, kuma yana da tabon da bai warke ba. A taron ƙungiya na bara ya yi mako uku yana haddace jawabi, da ya tashi yi sai ƙugin janareta ya shiga lasifika, buuuu, tun daga bismillah har fatiha. Mutanen Zurmi suka koma gida suna cewa jirgin sama ne ya yi musu jawabi.

“Taron bana saura kwana goma,” in ji Alhaji, yana kaɗa makulli a sama. “Duk wanda yas sa anka ji muryata tas, babu ƙugi, shagon bakin ƙohwa nashi ne.”

Kafin ya sauke hannu Mainasara ya kutso gaba.

“Ƙugi? Alhaji, ƙugi ai ɗan gidana ne. Na san inda shike kwana, na san abin da shike ci. Kwana goma ma sun yi yawa.”

Can gefe wani dogon mutum na zaune a kan benci yana ɓare goro. Labbo ke nan, mai lasifika daga Shinkafi, wanda in ya yi magana biyar a yini to ranar ya yi surutu. Ya ɗago kai a hankali.

“Gaskiya ne. Wanda yak kawo ƙugin bara ai shi ya hi kowa sanin gidanshi.”

Wuri ya kaure da dariya, don kowa ya tuna cewa Mainasara ne ya haɗa kayan sautin bara.

“Janaretan ne!” Mainasara ya daka tsawa. “Kuma daga Shinkafi anka kawo shi!”

“Awo, haka ne,” in ji Labbo. “Shi da kanshi yal liƙa wayoyin.”

“Kai Labbo, lokacin da nike buɗe cikin rediyo kai ko kunna ta ba a bari ka yi.”

“Shi ya sa tamu har yau tana magana.”

Alhaji ya raba gardama. Ya ce tunda Mainasara ne ya fara ɗaga hannu, shi zai haɗa, Labbo kuma ya zo ya zauna kusa ko da wani abu. Mainasara ya ce Labbo ya zo da tabarma, don barci zai sha.

Gaskiyar magana kuwa, da ya koma gida ko ta ina zai fara bai sani ba. Sai Allah ya kawo Fauziyya, ɗiyar ƙanwarsa, ta biyo gaisuwa. Ita ce injiniyar gaske a dangin, mai takarda, tana aiki da masu kula da ƙarafunan sabis na waya. Matarsa Rekiya ta kawo mata fura, Fauziyya na buɗe jakarta don ta ciro tsaraba sai wani ɗan allo kore ya faɗo, bai fi kwalin ashana ba, da zanen jan ƙarfe a kansa. Mainasara ya cafe shi, ya gyara tabarau.

“Wanga ai na san shi. Na cikin talabijin ne.”

“A'a Kawu, matata ce, mu muna ce mata filta. Ka ga farantin nan zagayayye da ke manne can saman ƙarfen sabis? Shi ke jefa saƙo daga ƙarfen Kaura zuwa na gaba. A cikin na'urar, saƙon layi biyu yake bi, ɗaya a miƙe, ɗaya a juye. Ita kuwa hayaniya in ta shigo, iri ɗaya take hawa layukan biyu. To aikin wannan, duk abin da ya zo iri ɗaya a layi biyun ta kashe shi, abin da ya bambanta ta bar shi ya wuce.”

Mainasara ya ajiye ludayi. Idonsa ya yi wani irin haske.

“Iri ɗaya a kashe shi?”

“Ƙwarai. Shi ya sa ka ga zanen dama da na hagu daidai suke, kamar mangalar jaki. In ɗaya ya ɗara ɗaya ko da kaurin gashi ne, aiki ya ɓaci. Wata huɗu na yi ina fama da wannan zanen.”

“Wata huɗu! Allah sarki, karatun zamani. Ni wagga dabara tun kina goye na yi tunaninta, lokaci ne ban samu ba.”

“Kawu, wannan fa na saƙon da ke tafiya a iska ne, ba na lasifika ba. Kuma akwai abin da ban faɗa maka ba...”

“Ke, riƙe sauran. Kawunki ba a yi mai bayani sau biyu.”

Rekiya ta dubi Fauziyya, ta ce, “Kin jawo muna, ɗiyata. Allah shi sa gidan ga shi kai Juma'a.”

Washegari tun da hantsi ya duƙufa. Ya samo makirfo biyu, ya liƙa wayar ɗaya a miƙe, ta ɗayan a juye, ya haɗa su wuri ɗaya da dalma. Lissafinsa shi ne, ƙugi zai shiga makirfo biyun iri ɗaya, in sun haɗu su kashe juna. Ya nemi akwatin da zai zuba tarkacen bai samu ba, sai idonsa ya faɗa kan langar Rekiya, mai zanen furanni, wadda ba ta fito da ita sai da baƙi. Ya huda ta wuri uku da ƙusa. Da Rekiya ta gani ta ɗora hannu a ka ta yi salati, sannan ta ɗauke murfin ta ɓoye, ta ce wannan kam sai dai bayan ranta.

Gwajin farko a rumfarsa aka yi, da janaretan maƙwabcinsa Usmanu tela. Mainasara ya kira mutane su zo su ga abin da ba a taɓa yi ba a ƙasar Zamfara. Don kowa ya gani da kyau, sai ya jera makirfo biyun a gaban bakin lasifika, ya murɗe amfilifaya har ƙarshe.

Wayyo! Wata ƙara ta tsaga tasha, tsiiiii, wadda ta sa haƙoran mutane kaɗawa. Raguna shida da ke ɗaure a wurin mahauta suka tsinke igiya suka ranta a na kare. Ɗaya ya bi ta ƙarƙashin teburin mai shayi, ya tafi da shi a baya har bakin titi. Wani ya faɗa cikin motar Zurmi da ake lodi, fasinjoji suka yi ta fitowa ta taga. Usmanu kuwa almakashi na hannunsa, ya zabura ya datse hannun rigar wani ango.

“Injiniya, ka kashe ni!” in ji Usmanu, yana ɗaga guntun hannun riga. “Mi zan ce ma mai rigar ga?”

“Ka ce mai sabon yayi ne. Kai dai tsaya, ka ji ƙugi cikin ƙarar nan?”

“Wa ka jin ƙugi kunne ya toshe?”

“To ka gani. Rabin aiki ya kammala.”

Mahauta suka yi yinin ranar suna farautar raguna, suka kuma aiko masa da saƙo cewa in ya sake, da shi za a haɗa a babbaka. Saboda haka gwaji na biyu sai ya fita da shi bayan gari. Ya ji za a yi suna a ƙauyen Banga, ya ɗaure kaya a bayan mashin, ya je ya ce wa mai gidan ya zo ne ya yi musu lasifika don zumunci. Mutumin ya yi ta godiya, bai san abin da ya shigo masa gida ba.

Jama'a sun cika ƙofar gida da sassafe, manoma kowa na sauri a yi a gama ya wuce gona. An raba goro da dabino. Mainasara ya ajiye langarsa a buɗe, wayoyi sun yi cirko-cirko a sama. Liman ya gyara murya, ya karɓi makirfo, ya ce, “Abin da anka samu, an sa mai suna...” Sai kawai wata mace ta amsa daga cikin lasifika, da murya mai zaƙi, “Kuna fama da basir? Zama ya gagare ku? Ku zo mu share muku hawaye!” Wayoyin nan da ke tsirara ashe sun kamo wata tashar rediyo. Liman ya saki makirfo kamar ya taɓa garwashi. Matar ba ta fasa ba, ta shiga lissafa alamomin cutar ɗaya bayan ɗaya, a gaban surukan mai gida.

Yadda Mainasara ya fita daga Banga, mashin ɗinsa kaɗai zai ba da labari. Takalminsa ɗaya dai yana can har yau.

A hanya ya tsaya ya kira Fauziyya, ba don yana neman shawara ba, in ji shi, don dai ya gwada ko ta sani. Da ta gama dariya ta ce masa ya rufe langar da murfin ƙarfe ruf, ya gajarta wayoyin, kuma ya daina sa makirfo a gaban lasifika. Ya ce daman abin da zai yi ke nan. Samun murfin ne ya zama aiki. Sai da ya yi wa Rekiya alkawarin cewa ranar da ya shiga sabon shago, ita za ta fara zama a kan kujerar ciki, a ɗauke ta hoto.

“In kuwa ba ka shiga ba hwa?” ta tambaya.

“Rekiya, shekara nawa muna tare, kin taɓa ganin na faɗi abu bai yiwu ba?”

“In fara daga wace shekara?”

Ta dai ba shi murfin.

To, ga inda abin mamaki yake. Ranar gwaji na uku, mahauta sun riƙe ragunansu da hannu biyu, mai shayi ya janye teburinsa, Usmanu ya ajiye almakashi nesa. Aka tayar da janareta. Mainasara ya bar makirfo ɗaya a kan benci, ya ɗauki ɗayan ya kai bakinsa, ya ce, “Gwaji, gwaji.” Murya ta fita tas! Janareta na ta ruri a gefe, amma a cikin lasifika ko ɗigon ƙugi babu. Mutane suka dubi juna. Usmanu ya zagaya bayan lasifikar ya kara kunne, ya dawo ya ce, “Wallahi Injiniya, yau kam ka yi.”

Da Mainasara mai tsayawa ne inda Allah ya taimake shi, da yanzu yana cikin shago yana shan iska. Amma ina! Kansa ya kumbura har hula ta ƙi zama. A ranar ya sa aka rubuta masa allo da jan fenti, INJINIYA MAINASARA, ASIBITIN ƘUGI, ya kai ya jingina a ƙofar shagon da ba a ba shi ba. Ya kwashe rediyoyinsa ya kai gida. Ya kira Usmanu a gaban shaidu ya ce ya bar masa rumfar, kyauta, ya faɗaɗa ɗinki.

“Ka bari a yi taron mana,” in ji Usmanu.

“Kai dai karɓi. Ni da hayaƙi mun yi bankwana.”

Ranar taro da safe yana naɗa sabon rawani, abin da bai taɓa yi ba, sai ga kiran Fauziyya daga Gurbin Bore, inda suke aiki a gindin wani ƙarfen sabis.

“Kawu, na ji an ce ta yi. Yaya za ka ajiye makirfo biyun?”

“Yadda ilimi yac ce. Ɗaya dama, ɗaya hagu, Alhaji a tsakiya, daidai wa daida, ko kaurin gashi babu.”

“Innalillahi! Kawu, a'a! Wayoyin ne ake so su yi daidai, ba mai magana ba. In ya tsaya tsakiya, muryarsa ma za ta shiga biyun iri ɗaya, langar ta kashe ta kamar yadda take kashe ƙugi.”

“Ke Fauziyya, ki ji tsoron Allah. Muryar Alhaji Maiwada ce ƙugi? Na'ura ai ta san manya.”

“Kawu, na'ura ba ta san kowa ba! Ranar da ta yi, ina ka sa...”

“Sabis ɗinku ba shi da kyau, ki hau sama ki gyara.” Ya kashe waya, ya sa a aljihu.

Filin tasha ya cika maƙil. An kafa rumfuna, mutanen Zurmi a dama, na Shinkafi a hagu, na Kaura a tsakiya, ga kulolin abinci jere a bayan babban tebur. Labbo na zaune a layin gaba da goronsa. Mainasara ya aro tef ɗin awon Usmanu, ya kafa makirfo ɗaya a wannan ƙarshen tebur, ɗaya a wancan, ya auna, ya sake aunawa, ya zana da'ira da alli a ƙasa. Ya kamo Alhaji ta kafaɗa ya tsayar da shi a ciki kamar mai shirin ɗaukar hoton fasfo. Ya ja baya ya kanne ido ɗaya, ya dawo ya miƙe masa hula, wai ta karkata hagu za ta ɓata awo.

“Kada ka motsa, Alhaji. Nan za ka tsaya ko da kunama ta hau ka.”

Sakataren ƙungiya, Nuruddeen, ya zauna a ƙarshen tebur na hagu. Mainasara ya tsuguna a na dama, kusa da langarsa. Aka tayar da janareta. Shiru, babu ƙugi. Jama'a suka yi tafi, Mainasara ya miƙe ya ɗaga hannu biyu, ya juya ya kalli Labbo ya yi masa alamar ya shimfiɗa tabarma.

Alhaji ya buɗe takarda, ya cika ƙirji, ya fara. Baki na motsi, gemu na rawa, hannu na sama da ƙasa, lasifika kuwa ko uffan. Abin da ke fita bai fi kukan sauro ba.

“Ba mu ji!” aka yi ihu daga baya.

Alhaji ya ƙara murya har jijiyoyin wuyansa suka fito. Shiru.

“Ka goce, Alhaji!” in ji Mainasara, gumi ya fara karyo masa. “Koma tsakiya!”

Alhaji ya dubi ƙafafunsa, yana tsakiyar da'ira cif. Ya sake farawa daga bismillah. Wani daga cikin mutanen Zurmi ya ce bara dai sun ji jirgi, bana ko jirgin ma an hana su. Ganin mutane sun fara leƙen kuloli tunda babu abin saurare, sai Alhaji ya sunkuya hagu wajen sakatare, bakinsa dab da makirfo, ya yi raɗa. Nan take lasifika huɗu suka ɗauka, har bakin kasuwa:

“Nuruddeen, tahi ka ɓoye babbar kular naman nan kahin mutanen Zurmi su gan ta. Bara ko ƙashi ba su bar muna ba.”

Tabɗi! Rumfar dama ta tashi tsaye gaba ɗaya.

“Mu ne mayunwata, Alhaji?”

“A fito da kular mu gani!”

Alhaji ya zabura ya koma cikin da'ira, ya ɗaga hannu yana ba da haƙuri, yana rantsuwa, yana dafa ƙirji. Ko kalma ɗaya ba ta fita ba. Mutanen Zurmi suka ga yana ta wurga musu hannu baki na motsi, suka ce zagi ne yake ƙarawa. Na Shinkafi kuwa dariya har da masu faɗowa daga kujera. Abin ya ƙona wa Alhaji rai. Ya san yanzu hagu akwai haɗari, sai ya sunkuya dama, wajen Mainasara, ya rufe baki da takarda:

“Kai, gyara abin ga! Su kuma na Shinkafi mi suke ma dariya, su da kowa yaz zo da leda cikin aljihu?”

Lasifika ta kai saƙo har inda ba a aike ta ba. Dariyar rumfar hagu ta ɗauke ɗif. Wani tsoho da ledarsa ta leƙo daga aljihu ya yi maza ya tura ta ciki, sannan ya fi kowa ɗaga murya.

Mainasara ya rikice. Ya buɗe langa, ya rufe, ya hura mata iska, ya ja tef ya sake aunawa daga makirfo zuwa cibiyar Alhaji. Rawaninsa ya warware ya naɗe ƙafar tebur. Ya koma ya tsuguna, kansa a gindin makirfon dama, yana gunaguni shi kaɗai, ya manta a inda yake:

“Ni na san ba langata ba ce. Tumbin tsohon ga ne yab ɓata man awo. Mutum kamar randa, ta ina za ka gane tsakiyarshi?”

Wannan kam har masu sayar da rake a ƙetaren titi sun ji. Kaura da Zurmi da Shinkafi, waɗanda yanzun nan suke shirin kama wuyan juna, suka haɗu suka fashe da dariya ɗaya. Alhaji ya juyo a hankali ya dubi Mainasara. Mainasara ya yi tsuru-tsuru, ya nuna langa da yatsa, kamar ita ta faɗa.

Sai a lokacin Labbo ya tashi. Bai yi sauri ba. Ya ƙarasa tauna goronsa, ya kakkaɓe riga, ya tako har gaban tebur. Bai taɓa langa ba, bai dubi waya ba. Ya zare makirfon hagu daga mazauninsa, ya danƙa wa Alhaji a hannu, ya tura hannun sama.

“Kusa da baki, Alhaji. Haka anka saba.”

“Za ka ɓata awo!” Mainasara ya yi kururuwa.

Alhaji ya ce, “Assalamu alaikum.”

Jama'a, murya ta fita garau, mai kauri, mai daɗi, babu ƙugi ko na sisin kwabo. Alhaji da kansa sai da ya waiga ya ga ko wani ne ya yi magana. Da ya tabbata tasa ce, sai ya saki jiki. Ya ba mutanen Zurmi haƙuri, ya sa aka kawo babbar kula aka ajiye a gabansu. Ya ce wa na Shinkafi duk mai leda ya fito da ita, ba abin kunya ba ne, shi ma da tasa ya zo. Sannan ya yi jawabin bana, ya ɗora na bara a kai tunda ba a ji shi ba, ya yi sa'a guda da rabi yana zuba, yana yawo da makirfo, yana taka da'irar alli yadda ya ga dama.

Da ya gama, ya sa hannu a aljihu ya ciro makulli. Mainasara ya miƙe, ya tattara rawaninsa, ya matso yana murmushi, hannu a buɗe.

“Alhaji, ka dai ji da kunnenka. Langata ce. Ko waya ɗaya Labbo bai taɓa ba.”

“Na ji,” in ji Alhaji, kuma da makirfo a bakinsa ya faɗa. “Langarka ta haɗa ni faɗa da gari biyu, ta ce man randa a gaban jama'a. Sa'a guda kana awo ba a ji ni ba. Wanga bawan Allah da yatsa biyu yaf fid da ni kunya. Jama'a, ku shaida, shagon bakin ƙohwa na Labbo ne!”

Aka ɗauki tafi. Labbo ya karɓi makulli, ya jefa a aljihu tare da goro, ya ce, “Madalla.” Da zai wuce ta gaban Mainasara ya ɗan tsaya.

“Injiniya, allonka shina ƙohwar shagona. In ka tashi ɗauka ka yi sallama.”

Mainasara ya koma ya zauna a ƙasa kusa da langarsa, ƙafa a miƙe. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har idonsa ya kawo ruwa, ya cire tabarau yana gogewa da bakin rawani. Usmanu ya zo ya tsuguna kusa da shi da farantin shinkafa, ya rasa ta inda zai fara.

“Sannu, Injiniya. Wallahi ban ji daɗi ba. Ga shi kuma jiya na kahwa keken ɗinki na biyu cikin rumhwar.”

Can sama lasifika na ta maimaita sanarwar, sakatare ne yanzu ke karantawa don a rubuta, cewa shago ya zama na Labbo mutumin Shinkafi, kowace kalma na fita ɗaya bayan ɗaya kamar an wanke ta. Mainasara ya karkata kai yana saurare. Ya ja hanci, ya mayar da tabarau, ya dafa gwiwar Usmanu.

“Kai dai hwaɗi gaskiya, Usmanu. Da anka ce an ba Labbo, ka ji ƙugi ko kaɗan?”